Tukunya A Kan Wuta, Famfo Ya Ƙafe

Ko yarinyar da ba ta isa ɗaukar tulu ba ta san ba a barin tukunya bisa murhu babu ruwa a ciki. In ta ƙasa ce ta tsage, in ta ƙarfe ce gindinta ya ci wuta ya huje. Wannan ilmi ne na tsakar gida, ba a zuwa makaranta don a same shi, kuma gaskiya ne. Amma akwai ƙasashen da ba tukunyar tuwo kaɗai ke kan wuta ba. A Ingila da waɗansu ƙasashen sanyi galibin gidaje suna da wata tukunya ta ƙarfe wadda aikinta shi ne ta zafafa ruwa, a tura shi cikin bututu ya zaga ɗakuna, don mutane su ji ɗumi. To, ran da aka wayi gari famfo ya ƙafe, ga dari kamar zai tsaga dutse, mai gida yakan tsaya gaban tukunyar nan yana wasiwasi, ya bar ta tana ci ne, ko kuwa ya kashe ta. Wanda ke zaune Sakkwato ya yi dariyar wannan tambaya in ya so. Mai jariri cikin Landan ba ya dariya.

Kafin a ba da amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki, gama rashin sani ya fi dare duhu. Hanya mafi sauƙi ita ce ya tuna da lagireton mota. Direba yakan cika shi da ruwa a Kano, ya kama hanya har Maiduguri, ba wanda ya biyo shi da famfo. Ruwan nan guda shi ke kewayawa, ya shiga inji ya ɗauki zafi, ya fito lagireto ya huce, ya sake komawa. Muddin babu yoyo, ba ya bukatar ƙari. Haka ɗumama gida yake, sai dai abin da mota ke neman ta zubar, watau zafi, shi ne gida ke neman ya tara. Tukunya tana nan maƙale jikin bangon madafa, iskar gas na ci a cikinta, wani ɗan inji na tura ruwa, ruwan ya bi bututu zuwa waɗansu faifayen ƙarfe masu rami a ciki da aka kafa a gindin tagogi, ya bar zafinsa can, ya komo. Dabarar kuwa ba ta jiya ba ce. Tun shekara ta 1831 wani Ba'amurke mazaunin Ingila, Angier March Perkins, ya yi rajistar wata hanya ta ɗumama gini da ruwan zafi mai zagawa cikin rufaffen bututu.

Ashe ke nan ruwa biyu ne cikin gidan, ko da yake ido ba ya rarrabe su. Akwai na sha da wanka, wanda ke shigowa daga babban bututun titi, a yi amfani da shi ya wuce. Akwai kuma na ɗumi, wanda aka ɗura tun ran da aka kafa tukunya, aka rufe, yana ta kai da kawowa shekara da shekaru har ya yi baƙi ƙirin. Kadan kamfani ya ɗauke na fari, na biyu bai san ma an yi ba.

A ƙarshen watan Fabrairu na 2018 wata iska mai tsananin sanyi ta taso daga wajen Saiberiya ta rufe Ingila, ƙasa ta daskare. Da farkon Maris sai sanyin ya saki farat ɗaya. Ƙasa ta motsa, bututu suka yi ta fashewa a tituna da cikin gidaje. Hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa, wadda ake kira Ofwat, ta ƙididdige daga baya cewa masu shan ruwa fiye da 200,000 a Ingila da Wales sun zauna babu ruwa sama da sa'a 4, dubban goma daga cikinsu kuwa har kwanaki. Cikin waɗanda abin ya shafa a kudancin Landan akwai wani mutumin Zazzau, ma'aikaci, wanda matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, uwarta kuma ta zo daga gida don ta yi mata zaman jego. Tsohuwar da ma ba ta taɓa yarda da akwatin nan mai gurnani a bango ba. Da ta murɗa famfo da asuba ta ji ya yi tari ya yi shiru, ta kuma ji tukunya na ta ruri abinta, sai hankalinta ya tashi. Surukuta kuwa ba ta bari ta yi wa mai gidan magana kai tsaye ba. Ta kira 'yarta, ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗaki, ta ce, "Ke, gaya wa Malam ya kashe abin can. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an bar tukunya kan wuta ba ruwa an kwana lafiya ba."

Mai gida ya fito, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "To, Inna, yanzu kuwa." Shi ma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don bai san ko ruwan tukunya daga famfo yake zuwa kullum ba. Ya kashe. Ƙanƙara ta narke a waje, amma sanyi bai tafi ba, kafin azahar gida ya zama kamar randa. Aka naɗe jariri cikin bargo uku, mai jego tana rawar ɗari. Sai ya tuna matambayi ba ya ɓata, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa, wani tsohon Bature da ya ci zamaninsa yana gyaran famfo. Tsohon ya shigo, bai taɓa kome ba, ya nuna masa wani ɗan agogo a gaban tukunya mai allura guda. Allurar tana tsaye tsakanin 1 da 2. Ya ce muddin tana nan, tukunya cike take, a kunna. In ta faɗi ƙasa kusa da sifiri, a kashe, ko da yake ita ma da kanta za ta ƙi tashi. Ya ce kada dai a buɗe famfon ruwan zafi, kada kuma a taɓa ɗan bututun da ake yi wa tukunya ƙari da shi, sai ruwa ya dawo.

Da aka fassara wa tsohuwa, ta ce, "Yaro, tambaye shi, wane irin ruwa ne ake dafawa dare da rana ba ya ƙonewa?" Tambaya ce ta mai hankali, amsarta kuwa biyu ce. Ruwan ba ya tafasa, ana tsai da shi ne wajen digiri 60 zuwa 80, alhali tafasa sai a 100. Sa'an nan ba shi da ƙofar da tururi zai bi ya fita. Tsohuwa ta yi shiru, ta ce Allah ya kyauta. Aka kunna, gida ya yi ɗumi, amma ita daren nan a ɗakin da ya fi nisa da madafa ta sa aka kwantar da jikanta. Abin da ya fi ɓata mata rai ma ba tukunyar ba ne, ruwan kwalba ne da kamfani ke rabawa a bakin titi, wanda ta ce ko tsarki bai isa ba balle wankan jego.

Kada fa wani ya ce tsoron tsohuwar nan na jahilci ne. Tsoro ne wanda Turawa da kansu suka saya da rayuka. Ruwa in ya zama tururi yakan nemi fili wajen ninki 1,600 na wanda yake ciki da. In ya samu hanya ya fita yana fito, in bai samu ba ya yi wa kansa hanya ta jikin ƙarfe. Tsofaffin da suka ga jirgin ƙasa mai cin kwal, irin wanda ya fara shiga Kano a 1911, sun san direba da mai zuba kwal idonsu ba ya barin wata 'yar kwalba da ke nuna tsayin ruwa cikin tukunya. Har a rufin murhun akan dasa wani toshi mai darma a ciki, don in ruwa ya ja baya darmar ta narke, tururi ya feso kan wuta, a farga tun ƙarfe bai yi laushi ba. Babban ganganci kuwa shi ne a ga tukunya ta bushe ta yi ja, a kwarara mata ruwan sanyi. Nan take ruwan ke zama tururi, ƙarfen kuma ya tsage.

A gidajen Ingila ma an sha wannan ɗaci. A zamanin da ake ƙona kwal cikin ɗaki, akan ɓoye wata 'yar tukunya ta ƙarfe a bayan murhu, bututu biyu su tashi daga gare ta zuwa tankin ruwan zafi, wani kuma ya haura har ƙarƙashin rufi don tururi ya sami mafita. Wutar kwal ba ta da makunni, ba ta san ruwa na tafiya ko ya tsaya ba, ci kawai take yi. To, a ce an yi dari irin na 1963, wanda ya kama tun ƙarshen Disamba na 1962 bai saki ba sai farkon Maris, har teku ta daskare a gaɓar Kent, aka riƙa kai wa mutane ruwa da mota. Bututun da ke ƙarƙashin rufi shi ne farkon daskarewa, ƙanƙara ta toshe mashiga ta toshe mafita. Mutum ya dawo gida yana kaɗuwa, ya hura wuta, ya jawo kujera ya zauna gaban murhu da iyalinsa. Abin da ke bayan murhun a sa'an nan ba shi da bambanci da gurneti. Ko a 2008 sai da hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta fitar da gargaɗi kan irin waɗannan tukwane, waɗanda aka daina aiki da su aka toshe bututunsu aka bar su cikin bango, daga baya wani ya zo ya hura wuta bai san suna nan ba. Ɗan ruwan da ya rage a ciki ya isa ya tarwatsa murhun, an kuwa yi rashin rai ta haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma kama da wane ba ta wane. Tukunyar gas ta yanzu an kewaye ta da masu gadi. Akwai wata 'yar gora ta ƙarfe mai roba a tsakiya, wadda ke karɓar ƙarin da ruwa ke yi in ya yi zafi. Akwai bawul da ke buɗewa da kansa in allura ta kai 3, ya zubar da ruwa waje. Akwai abin da ke yanke gas in zafi ya wuce kima, da wanda ke hana wuta kamawa in matsin ruwa ya yi ƙasa. Irin da ta fi yawa a gidajen Ingila yanzu, wadda suke kira kombi, ba ta da tankin ajiya ko kaɗan, ruwan wanka tana zafafa shi ne a lokacin da yake wucewa. In babu ruwa mai wucewa, wannan sashe ba ya kunnuwa, sashen ɗumi kuwa yana aikinsa. Ita ce mai gidan can yake da ita, shi ya sa amsarsa ta zo da sauƙi.

Tsofaffin gidaje su ne ke son a ɗan dakata. A cikinsu tukunya ba a rufe take ruf ba, akwai wani ɗan tanki a ƙarƙashin rufi mai cin kamar galan 4, watau wajen lita 18, wanda ke yi mata ƙari in ta ragu. Shi wannan daga famfon titi yake sha. Amma abin da ke raguwa kaɗan ne ƙwarai, in babu yoyo tankin yakan kai kwanaki bai nuna alama ba, sai dai mai gida ya hau tsani da fitila ya leƙa ya tabbata. Kusa da shi akwai babban tanki mai ba da ruwan wanka. Wannan in aka yi ta ɗiba zai ƙare, iska ta shiga bututu, ran da ruwa ya dawo a yi ta fama famfo na tari ba ya zuba. Saboda haka hankali shi ne a bar ɗumi yana aiki, a kashe sashen ruwan wanka, musamman sandar lantarki da ke cikin tankin zafi. Wanda tukunyarsa ke cin itace ko kwal kuwa, shi hukuncinsa daban ne, don wutarsa ba ta jin umurni. Haka kuma tsofaffin gine-ginen birnin New York na Amurka, waɗanda tururi sosai suke turawa ɗakuna maimakon ruwa. Su lalle suna asarar ruwa kaɗan kaɗan, suna da kwalbar awo irin ta jirgi, kuma mai lura da ginin ba shi da izinin ya manta da ita.

Duk da haka, sanin irin tukunya rabin magana ne. Rabin da ya fi nauyi, wanda kuma mutane suka fi tsallakewa, shi ne dalilin da ya sa ruwan ya tsaya, gama ruwa ba ya tsami banza. In an leƙa gidan maƙwabta an tarar su ma famfonsu ya ƙafe, to matsalar a titi take, ba ta shafi tukunya ba. In kuwa ruwa na zuba gidan kowa sai gidan mutum guda, ana kuma cikin tsananin dari, to ƙanƙara ce ta shiga bututunsa, kuma ba shi da tabbacin inda ta tsaya. Wadda ta toshe bututun sha tana iya toshe na ɗan tankin sama da na mafitar tururi. A nan mai tsohon gida ya kashe wuta ya nemo gwani, kunya ba ta cikin wannan. In kuma shi da kansa ya rufe ruwa don ya ga silin na ɗiga, sai ya bincika wane bututu ne ya fashe. Na sha ne, ɗumi ya ci gaba. Na ɗumi ne, rufe famfon titi bai tsai da kome ba, tukunya tana zubar da jininta ne a hankali, allura za ta yi ta sauka, sai a kashe. Mutum uku ke nan, kowa famfonsa shiru, amma maganin ɗaya guba ne ga ɗaya. Don haka masu ba da amsa guda ga kowa, ko su ce a kashe ko su ce a bari, ba su kyauta ba. Dokar ƙasar ma ta hana kowa buɗe cikin tukunyar gas da sunan sana'a sai wanda sunansa ke cikin rajistar Gas Safe, wadda aka soma a 2009.

Abin da mai tsoro ba ya lissafawa shi ne kashewar ma tana da kuɗinta. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, galibin bututu kuwa ba sa jure wa wannan. Gidan da aka kashe wa ɗumi cikin tsakiyar dari, ruwan da ke kwance cikin bututunsa ya daskare ya tsaga su, ba a sani ba sai ran da ya narke rufi ya zubo. An guje wa gara an faɗa wa zago. Shi ya sa masu tafiya hutu a can sukan rufe famfon shigowar ruwa da hannunsu, su bar tukunya tana ci kaɗan kaɗan, kuma wannan al'ada kaɗai ta isa shaida cewa rufaffiyar tukunya ba ta dogara ga famfo ba. Mafi muni kuwa shi ne abin da mutane kan koma gare shi in sanyi ya ci ƙarfinsu. A jihar Texas ta Amurka, cikin Fabrairu na 2021, da wuta da ruwa suka ɗauke tare, waɗansu sun shigo da gawayi ko janareta cikin gida, waɗansu sun kunna mota cikin gareji a rufe, iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi ta kashe su cikin barci. Duk wanda ya san kaskon wuta a ɗaki rufe lokacin hunturu ya san wannan mutuwa.

Ran da ruwa ya dawo ma akwai ladabinsa. Yakan zo da iska da laka, yana tofi, launinsa kamar na kunun kanwa. Sai a fara buɗe famfon sanyi na madafa a hankali, a bar shi ya zuba har ya washe, kana a taɓa na zafi, don kada lakar ta shige cikin tukunya ta toshe ƙananan hanyoyinta.

A Kaduna ko Jos ba a ɗumama ɗakuna da bututu, amma gidaje da yawa suna da hita ta lantarki rataye a bangon banɗaki, ruwan famfo kuwa zuwansa da tafiyarsa sai Allah. Wannan ba rufaffen zagaye ba ne, tukunya ce sosai irin wadda tsohuwar nan take nufi. An gina ta yadda za ta zauna cike ko an ɗauke ruwa, amma in bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ya lalace, ko mai haɗawa ya yi ƙwauron sa shi, sai ta tsiyaye ta bututun da ta sha. Sandar da ke cikinta an yi ta ne don ta zauna nutse, in ta sami kanta a fili ba ta daɗewa ta ƙone. Yawanci kuwa da dare abin kan faru. An ɗauke wuta an ɗauke ruwa, aka kwanta aka bar makunni a buɗe, can cikin dare wuta ta dawo, ruwa bai dawo ba. Mai irin wannan hita, in famfo ya ƙafe ya kashe makunninta tun da sauran haske. In ruwa ya dawo ya buɗe famfon zafi, ya jira har ya ga yana zuba sosai babu tari babu tofi, sa'an nan ya kunna.